Ɗan Iskan Unguwarmu

Kullum da safe, kafin ya sa komai a bakinsa, Baba yakan ɗauki doguwar sandarsa mai ƙugiya ya bi lungunan unguwarmu yana duba tagogin mutane. Ba leƙe yake yi ba, kada a yi masa sharri. Tsumma yake nema. Duk tagar da aka toshe da kwali ko tsohon wando, sai ya sa ƙugiya ya zaro, ya rataye wa mai ɗakin a ƙofa. Tela na bakin layinmu ya taɓa fitowa ya tarar da yagaggen gajeren wandonsa yana lilo a gaban masu kawo ɗinki, kuma tun ranar tagarsa take a buɗe.

Magini ne, dattijo mai furfura, ba a taɓa jin ashar a bakinsa ba. Amma yaro da babba Baba Ɗan Iska suke ce masa, kuma yana amsawa da na'am. Idan baƙo ya riƙe baki, sai ya ce, "To mai kawo ruwa ɗan garuwa ne. Ni da nake kawo muku iska, me za a ce mini?"

Sai wanda ya zauna a unguwa irin tamu zai gane darajar wannan sana'a. Ta gabas juji ne, ba ya rabuwa da wuta, leda da tsoffin tayoyi suna ci. Ta yamma titin manyan motoci. A tsakiya mu ne, da janaretan mai aski, da gawayin kowane gida, da ɗakunan haya da aka jera baya da baya babu taga, don a wurin mai gida taga asarar bulo ce. Masu hali sun tattara sun koma inda bishiyoyi suke, suka bar mana hayaƙi gado.

Matar Baba, wadda muke kira Iya, abincin sayarwa take dafawa a wani kicin mai ƙofa ɗaya. Tari ya kama ta, aka yi ta zuma da lemun tsami, aka yi ta maganin kemis, har ta fara ganin jini. Da aka je asibiti aka ɗauki hoton ƙirji, likita ya ce ciwon dajin huhu ne, kuma ya yi nisa. Ya tambaya ko tana shan taba. Waɗanda suka raka su sun ce saura ƙiris Baba ya shaƙe shi.

"Matar tawa? Ko goro ba ta ci."

Likitan ya ba shi haƙuri, ya yi masa bayani. Taba ce kan gaba, amma hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki da na juji da na motoci, idan aka shekara ana shaƙa, shi ma yana ƙara haɗarin. Talaka ya fi kowa shaƙa, kuma shi ne yake zuwa asibiti a makare. Baba ya dawo gida ya ɗauki guduma ya fasa bangon da ke kan gadon Iya. Tagarsa ta farko ke nan.

Bayan rasuwarta ya shiga bin gidaje. Ya fasa nan, ya sa ƙarfe da raga saboda ɓarawo da sauro, ya ɗaga bututun hayaƙi can. Ya matsa wa mai aski lamba har ya fitar da janaretansa daga cikin shago. Ba kowane bango yake fasawa ba, sai ya tsaya ya ga ta ina hayaƙin juji yake bi, kada garin neman gira a rasa ido.

Wanda na gani da idona shi ne na gidanmu. Ummata ta fi kowa daɗewa a kicin ɗin gidan hayar da muke zaune, kuma ta fara irin tarin nan da ba ya jin magani. Tsoro ya kama ni, don na san yadda na Iya ya fara. Mai gidan kuwa Kar-a-Taɓa muke kiransa, don ko ƙusa ka buga sai ya ji a jikinsa. Baba ya roƙe shi ya bari a buɗe taga, shi kuwa mai gidan ya ce ko bayan ransa ba za a buɗe ba.

Sai Allah ya kawo damina, bangon kicin ya tsage, kuma babu magini mai sauƙi kamar Baba. Kar-a-Taɓa ya kira shi ya liƙe tsagar, ya tafi kasuwa. Da ya dawo ya tarar da rana tana haska tukunyar Umma.

"Baba, mene ne wannan?"

"Tsagar ce ta yi ta gudu, Alhaji, ni kuma na yi ta bin ta."

"Tsaga mai kusurwa huɗu? Har da raga?"

"Ikon Allah ya fi haka."

"Wallahi kai ɗan iska ne."

"Na'am, Alhaji."

Baba bai tsaya nan ba. Ya ce wa Umma taga ba magani ba ce, sai ta je an duba ƙirjin. Ta ce ita lafiyarta ƙalau, sanyi ne kawai. Sai ya ɗauko kujera ya dasa a ƙofar ɗakinta, yana ba duk mai wucewa labarin tarinta, har da kwaikwayo. Kunya ce ta kai Umma asibiti, ba ni ba. Aka duba aka ce ba daji ba ne, hayaƙi ne ya gallabi ƙirjin, ta rage shaƙarsa kuma ta riƙa dawowa. Ranar na yi kuka a gaban mutane ban ji kunya ba. Umma kuwa har yau idan ta idar da salla sai ta ce, "Allah ya yi wa ɗan iskan nan albarka."

Yanzu kafaɗa ta ƙi, Baba ya miƙa wa surukinsa gudumar. Sandar ce dai ya ce sai an zare ta daga hannunsa.

Baba, kai ne guduma mai ladabi, kai ne maƙiyin tsumma. Ba ka kashe wutar juji ba, ba ka kawar da titi ba, ka kuma sha gaya mana cewa wannan aikin hukuma ne, mu je mu dame su kamar yadda ka dami Umma. Amma abin da hannunka ya kai ka yi shi. Mun gode, Allah ya saka, ya jiƙan Iya.

Ku kuma masu karatu, ku duba ɗakin da uwarku take girki. Idan babu taga ku nemi magini. Idan tarinta ya ƙi tafiya ku kai ta asibiti, ko da za ta yi fushi. A wannan fanni kaɗai nake roƙon kowa ya zama ɗan iska, kuma da wuri.

Na taɓa tambayar Baba me Iya ta ce ranar da ya fasa mata bango. Ya juya sandarsa ya amsa.

"Ta ɗaga kai ta duba waje, ta ce, 'Malam, ashe akwai bishiya a bayan gidan nan.' Shekara da shekaru tana ɗakin, kuma ni na gina shi."