Rigar da nake ja masa zif

Mijina, Allah ya jiƙansa, mai nutso ne. Idan mutum ya faɗa kududdufi ko tsohuwar rijiya a cikin gari, shi da abokan aikinsa ake kira. Wani lokaci su fito da mutum da ransa, sau da yawa kuma gawa suke miƙa wa dangi. Ya daɗe yana shiga ruwa da gajeren wando da igiya a ƙugu, kafin wurin aikinsu ya samo musu kayan nutso: tulun iska da ake goyawa, da gilashin fuska, da wata baƙar riga ta roba mai kauri, wadda take kama jiki daga idon sahu har wuya.

Zif ɗin rigar a baya yake, daga ƙugu zuwa ƙeya. An ɗaura masa doguwar igiya. Mai rigar zai riƙe ƙasan zif ɗin da hannu ɗaya, ya miƙa ɗayan ta bayan kai ya ja igiyar sama. Malam yana yin haka kafin ka ƙifta ido.

Sai ya faɗi a babur a hanyar Gwale, kafaɗarsa ta dama ta goce. Mai ɗori ya gyara, ya warke, yana cin abinci da hannun, yana ɗaukar bokiti. Amma hannun ya daina kaiwa bayan kai, ya daina lanƙwasawa zuwa ƙugu ta baya. Ranar da ya fara gwada rigar a ɗaki, ina zaune ina tsince shinkafa. Ya ja da hagu, zif ɗin ya hau kaɗan ya cije robar. Ya sake, ya kuma cijewa. Ya tsaya yana kallon bango.

Ya ce, “Zo ki ja mini.”

Na ja. Na ce masa ai a wurin aiki ma wani zai iya ja masa.

“Yaran da na koya wa iyo su riƙa sa mini riga? Kuma idan Baba ya gani, shi ke nan, sai riƙon igiya a bakin ruwa.”

Baba shi ne shugabansu, dattijo ne ɗan asalin Barno, a hannunsa Malam ya koyi aikin.

To, sai ya kawo rigar gida da zama. Waya na bugawa zai yi alwala, ya shiga cikin robar, in ja masa zif, ya ɗora kaftani a kai, ya hau babur. Da ita a jikinsa yake dawowa, ni ce zan buɗe. Wani lokaci ya fita da hantsi, sai bayan la’asar.

Ban gane abin da hakan yake nufi ba sai da bazara ta shigo. Lokacin ne yara suka fi zuwa wanka a kududdufi, kira ya yi yawa. Mutum a cikin rigar nan ba shi da halin kama ruwa sai an buɗe masa baya. Hannayenta kuma sun matse, ba a iya naɗe su zuwa gwiwar hannu, don haka alwalar da ya fita da ita yake riƙewa har ya dawo. Sai ya daina shan ruwa. Da safe zan ajiye masa koko, ya kurɓa sau biyu ya ture kofin. In ɗebo ruwan randa, ya kuskure baki ya zubar.

Idan ya dawo na buɗe zif ɗin, gumi yake kwararowa kamar an karkata buta. Fatar bayansa ta yi fari ta yamutse. Zai wuce bayi da sauri, ya daɗe, ya fito yana dafe da ƙugu. A da ruwan nake tsoro. A wannan shekarar rana nake tsoro, da hanyar da zai bi a kan babur, baƙar roba a ƙarƙashin kaya.

Wata rana da ba shi da aiki, na naɗe rigar a cikin zani na kai wa telan unguwarmu, na ce ko zai mai da zif ɗin gaba. Ya shafa ta, ya ce kekensa ba zai ci wannan ba. Na wuce kasuwar Kurmi wurin wani baduku, ɗan uwan mahaifiyata ne daga Dukawuya, Kawu muke ce masa. Ya baje ta a kan cinyarsa yana dariya.

“Wannan fatar wace dabba ce, ’yata?”

Na yi masa bayani, ban da maganar kafaɗa. Ya soka basilla a gefen ƙafar rigar, ya ɗaga ta saitin haske ya nuna mini hudar.

“Kin gani? Ba ta komawa. In na tsaga gaban nan na ɗinke, duk inda allura ta bi ruwa zai bi. Masu yin ta da wani irin gam suke haɗawa, ni ba ni da shi. Kuma kayan wurin aiki ne, ko? Kar ki jawo wa mijinki magana.” Ya dube ni da kyau. “Shi mai rigar me ya samu hannunsa?”

Na ce babu komai. Ya ce to, ya yi mini doguwar igiya ta fata da zobe a bakinta, wai a saƙala a ƙusa a durƙusa, zif ya hau da kansa. A gida Malam ya gwada a ƙusar bayan ƙofa. Sau ɗaya ya hau. Buɗewa kuwa ta gagara. Ya ce, “A bakin kududdufi wace ƙofa zan samu?” Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Na ce, “Malam, ka faɗa wa Baba.”

“Ki bari damina ta faɗi. Hannun yana sakewa.”

“Ba ya sakewa. Ni nake ganin bayanka.”

Ya ce in kawo masa abinci.

Bayan kwanaki aka kira shi wata rijiya, ya fita kafin azahar. La’asar ta yi, ta wuce. Na idar da salla ina zaune a kan darduma sai na ji babur ya tsaya, amma ban ji sallama ba. Na leƙa soro. Yana zaune a ƙasa, ya jingina da bango, leɓɓansa sun bushe sun yi fari, idonsa a buɗe amma bai dube ni ba. Na cire masa kaftanin a nan, na juya shi na ja zif ɗin. Jikinsa zafi kamar murfin tukunya, kuma babu gumi ko kaɗan. Wannan ya fi komai tsorata ni. Na yi ta zuba masa ruwa, ina ba shi kaɗan-kaɗan da ludayi. Da ya dawo hayyacinsa, abin da ya fara tambaya shi ne ko maƙwabta sun gani.

Washegari na sa hijabi na ce zan je dubiya. Gidan Baba na nufa. Ba zan iya tsayawa gaban dattijon in kai ƙarar mijina ba, sai na zauna da matarsa a tsakar gida, na faɗa mata komai da muryar da na san za ta kai ɗakinsa. Can sai ya yi gyaran murya ya fito.

“Tun yaushe?”

Na faɗa masa.

“Ni na ɗauka don sauri yake zuwa a shirye, har ina ba yara misali da shi.” Sannan ya ce, “’Yata, hannun da bai kai ƙeya ba, in tulu ya maƙale a ƙasan ruwa da me zai kwance shi? Ba zai sake shiga ba.”

Na roƙe shi ko zai riƙa ja masa zif ɗin da kansa, a gefe, ba tare da kowa ya sani ba. Ya ce zai iya, amma ba zai yi ba.

A makon aka karɓi rigar aka ba wani. Malam ya koma riƙon igiya a bakin ruwa, yana gaya wa matasa inda za su nutsa. Ya san ni ce. Ranar ya shigo, ya zauna a bakin gado ya ce, “Kin je dubiya.” Na ce na je. Har ya bar duniya bai sake tayar da maganar ba. Fara’arsa ta ragu. Idan ya dawo ba ya ba ni labarin aiki kamar da, ni kuma na rasa ta inda zan tambaya.

Ya yi shekaru kaɗan a haka kafin ƙafafunsa su fara kumbura. A asibiti likita ya ce ƙoda ce, ya tambaye shi ko ya taɓa yin aikin da ke hana shi shan ruwa. Malam ya ce a’a. Ina tsaye a bayansa. Likitan ya ce abubuwa da yawa suna kawo ciwon, ba lalle a san dalili ba, kuma na riƙe wannan maganar da kyau.

Na san kwanan mutum idan ya ƙare ya ƙare. Ban taɓa yin nadamar zuwa gidan Baba ba. Amma na ga kofin koko yana dawowa a cike tun farkon bazara, kuma sai da ta kusa ƙarewa na sa hijabina na fita. A tsakanin nan ni ce nake ja masa zif ɗin kullum, da hannuna.