Malam Badaru Mai Memori da Ɗakinsa na Ƙurya

Da hantsi Malam Badaru yake buɗe shagonsa da ke bayan tashar motar Daura. Ya share ƙofa, ya karkaɗe kwamfuta, ya zauna yana tura wa mutane karatu da wa'azi da waƙoƙi a memori. Wannan kowa ya sani. Abin da aka daɗe ana sa wa ido shi ne ɗan ɗakin da ke ƙuryar shagon, wanda ba ya buɗewa sai an sauko daga la'asar. Ba komai a ciki sai benci da lasifika da makirfo ɗaya da tsohuwar talabijin. Kiɗa ne zalla yake tashi, babu muryar mawaƙi, baitoci suna bi ta fuskar talabijin, mutum ya bi su da tasa muryar. Yaran zamani suna ce wa abin karawoke, shi kuwa Badaru gwaji kawai yake cewa. Shekara goma sha bakwai yana wannan aiki. Bana kunnensa na hagu ya yi nauyi, ya ce zai ajiye aikin, shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ya yi tun yana ji da na dama.

Shi kansa mutum ne mai zargi. Bai taɓa yarda da abin da namiji ya faɗa a kan muryarsa ba. Duk wanda ya shigo yana cewa ai shi tun yana firamare ake yaba masa, Badaru zai dube shi ta saman tabarau, ya san akwai aiki. Kuma ba ya ba mutum waƙar da ya zo nema. Sai ya ja shi da hira tukuna, ya tambayi iyali, ya tambayi damina, yana sauraron inda numfashinsa ke yankewa da inda muryarsa ke zaune in bai matsa mata ba. Mai gaggawa, wanda ke riga kiɗa isa ƙarshen baiti, waƙar daka yake sa masa, don taɓarya ba ta sauri saboda kowa. Mai ihu kuwa waƙar reno ce rabonsa. Matarsa Hasana ce ta rera masa irin waɗannan waƙoƙi na mata, ya je Katsina aka buga musu kiɗa a sitidiyo. Ya san babu magidancin da zai so a ji yana lallashin jaririn da babu shi, don haka ya yi wa kowa alkawari ɗaya: sunan wanda ya shiga ɗakin ba zai fito daga bakinsa ba.

A haka Harisu ya same shi. Harisu dillalin shanu ne, ƙato, mai muryar da ake ji daga wannan ƙarshen kasuwar shanu zuwa wancan. Mahaifinsa ne ya shekara talatin yana jan bege a Maulidin unguwa. Da ya rasu aka miƙa wa Harisu makirfo, ya kama baiti kamar yana tsayar da bijimi, a baiti na uku murya ta fashe. Wata guda ana kwaikwayonsa a majalisa. Ya shigo shagon ta ƙofar baya, ya ce a sa masa bege mafi wuya da ake da shi. Badaru ya sa masa waƙar reno.

“Ni, Malam? Da gemuna?”

“Wanda kake bege ba a daka masa tsawa,” in ji Badaru. “Ranar da ka iya lallashin jariri bai firgita ba, sai mu taɓa bege.”

Harisu ya fita da fushi, bayan kwana uku ya dawo. Wata biyar yana kan waƙar nan kafin a ba shi baitin bege ko ɗaya. Da Maulidi ya zagayo ya ja bege a hankali, tsofaffi suna share hawaye suna cewa muryar mahaifinsa ce ta dawo. Ba wanda ya san inda ta biyo.

Sai dai bangon ɗakin ba kauri gare shi ba, a bayansa kuma akwai shagon Nagoggo tela, mutumin da ko kaza ta tsallaka titi sai ya nemi sanin wanda ya aike ta. Kullum la'asar yakan tsayar da keke ya kasa kunne. Me zai ji? Ƙaton namiji yana ƙanƙantar da murya yana waƙar mata, ƙofa a rufe, ana shiga ɗaya bayan ɗaya ta baya. Nagoggo bai tambayi maƙwabcinsa ba, majalisa ya kai maganar. Wasu suka ce bori ake yi, ana kiran iskoki da lasifika. Wasu suka faɗi abin da ya fi haka muni. Masu kawo memori suka ragu, aka daina gayyatar Hasana suna. Badaru ya ji duka, abin ya ci masa rai ƙwarai, amma kullum la'asar sai ya buɗe ɗakinsa.

Ranar wata Asabar da safe Mai Unguwa ya kira shi zaure, dattawa sun cika tabarma. Badaru ya yi bayanin aikinsa tiryan-tiryan, aka saurare shi kamar yadda ake sauraron mai sayar da maganin basir. Mai Unguwa ya ce magana ɗaya ce za ta raba gardama: ya faɗi sunayen masu zuwa a kira su su ba da shaida, in ya ƙi kuwa ya rufe shagon ya nemi wata unguwar. Badaru ya ɗaga kai. A zauren nan kaɗai ya ga mutum huɗu da suka taɓa zama a bencin ɗakinsa, kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Ransa ya sosu da ganinsu haka. Ya zaro makulli daga aljihu ya ajiye a gaban Mai Unguwa.

“Ranka ya daɗe, ga makulli. Sunaye kam amana ce.”

Sai Harisu ya miƙe daga bakin ƙofa, yana gumi kamar wanda ya kora garke daga Kongolam. Bai yi dogon jawabi ba. Ya ce shi ne Nagoggo yake ji, kuma begen da ya sa su kuka bara daga wannan waƙa ya fito. Ya rufe ido, ya rera musu waƙar renon tun daga farko har ƙarshe, a gaban surukinsa da abokan cinikinsa. Ba wanda ya yi dariya. Mai Unguwa ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya ce da wannan waƙar mahaifiyarsa take goya ƙannensa. Ya tura wa Badaru makullinsa. Sauran mutum ukun ba su motsa ba, har yau kuma ba wanda ya san su.

Malam Badaru, kai ne ka zaɓi a ɓata sunanka a kan ka kunyata wani. Kai ne mai kunnen da ke jin muryar mutum tun mai ita bai ji ta ba. Muna jin sautin aikinka a Maulidi da bukukuwa daga nan har garin Babban Mutum, ba a taɓa ambatonka ko sau ɗaya ba. Mun gode, kuma mu da muka yi ƙus-ƙus a majalisa muna neman afuwa. Masu koyar da kowace sana'a su koyi abu biyu a wurinka: su ba ɗalibi abin da zai gyara shi ko da ba shi yake so ba, su kuma rufa masa asiri yayin da yake tuntuɓe.

Nagoggo dai har gobe yana cewa akwai sauran magana a ɗakin nan. Amma an sha ganin kekensa a rufe da la'asar, takalmansa kuma a ƙofar baya. Da aka tambayi Badaru wace waƙa ya zaɓar wa tela, sai ya gyara tabarau, ya juyo wa mai tambayar kunnensa na hagu.