Baƙon da Aka Laƙaba wa Modu

A Jakara aka haifi Modu mai wankin hula, a nan aka binne kakansa da ya zo daga Borno. Makarantar allo ɗaya muka yi da shi. Ba shi da yawan magana, sai in an kawo masa hula mai maiƙo. "Alhaji, wannan kai ne ko kaskon suya?" Haka yake tarbar manya, su yi dariya su ajiye. Da wannan sana'a ya aurar da 'ya'yansa, ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

Sai aka kashe Alhaji Ashafa, ɗan kasuwar Kurmi, a zaurensa da rana tsaka. Aka kama Hashim, ɗan ƙanwarsa Lauratu, wanda suka daɗe suna rigimar gidan gado. Shari'ar ta cika gari, a rediyo ita, a waya ita.

Maƙwabciyarsu 'Yardada ce shaida. Aka tambaye ta a kotu wa ta gani ya fito daga zauren, ta ce, "Baƙo." Tafinta ya juya wa alƙali da Turanci cewa wani ne da ba ta sani ba. Lauyan Hashim ya cafe kalmar, ya ce a nemo baƙon.

Wa aka nemo? Modu, don shi ya kai wa mamacin huluna da safen ranar. Mutanen da suka tashi tare da shi suka tuna wai Babarbare ne. 'Yan sanda suka tsare shi, suka sake shi, amma gari bai sake shi ba. Alhazai suka riƙa zuwa suna kwashe hulunansu, wasu ko bushewa ba su yi ba.

Ni ban taɓa yarda da zancen ba. Sunan mijin 'Yardada shi ma Hashim ne, kuma macen zamaninmu ba ta kama sunan miji, ko a kan wa aka sa shi. Ranar da Lauratu ta haifi Hashim ɗin da aka kama, gidan cike yake da baƙi, 'Yardada ta ce wa jaririn Baƙo, shi ke nan. Kowace tsohuwa a layin ta san haka. Ba wanda ya tambaye mu.

Na faɗa wa Ɗantani tela, jagoran masu yaɗa maganar.

"Hajiya, yaushe kika zama lauya?"

"Ina wurin ranar sunan yaron. Kai kana goye da majina a hanci."

Na ɗauki mayafina na je na sami lauyan gwamnati. A zama na gaba ya ce wa 'Yardada ta nuna baƙon. Ta miƙa yatsa wajen Hashim. "Ga shi nan, Baƙon Lauratu. Wa kuke nema kuma?" Kotu ta same shi da laifi.

Bayan hukunci huluna suka fara dawowa, ba ko "yi haƙuri". Ɗantani ne na farko. Modu ya dube shi, ya dubi ledarsa.

"Kai wa ɗan gari. Ni baƙo ne."

Har yau waɗanda ba su kwashe nasu ba kawai yake yi wa wanki, kuma ba su da yawa. Rabin katakon da yake ɗora hula a kai ƙura yake sha. Ana cewa Modu ya cika riƙo. Masu faɗar haka su ne suka kwashe hulunansu a jiƙe.