Ja da Fari a Gaban Kawu Iro

Shekara shida ke nan da ƙasar Hausa ta rasa gwanin gwanayenta a fagen ɗanɗanon ruwan inabi, kuma har yau ban ji an sassauta tuta ko an sa wa wani titi sunansa ba. Ban yi mamaki ba. Ba sana'a ce da ake yi wa mai ita kirari a gidanmu ba. Ko a zaman addu'ar da muka yi masa a wani ɗaki a benen Tianxiu, nan Guangzhou, da aka zo lissafa halayensa na kirki sai aka tsallake ta, kamar yadda mai farar riga ke tsallake kwata.

Sunansa Alhaji Iro, ƙanen mahaifiyata. Ni kuwa malamin makaranta ne da ƙurar alli ta ishe shi, na zo nan ƙaro karatu, na iya yaren mutanen, Kawu ya ɗauke ni tafinta. Har ya koma ga Allah bai daina kirana Malam Nahawu ba.

Kafin mai karatu ya yi a'uziyya ya ninke jarida, bari in yi bayani. Kun san dogayen kwalaben nan da ake jerawa a tebur ranar walima ko suna, masu takardar zinariya a wuya, ɗaya ja ɗaya fari, a buɗe su yi fus yara su yi ihu? Su ne Kawu yake aikawa gida. Ruwan inabi ne da babu giya a ciki. Abin da ba ku sani ba, kuma da ma an bar ku cikin rashin saninsa da kun fi jin daɗin biki, shi ne kamfanin da ke ɗura shi a Panyu yana ɗura na giyar ma. Injin ɗaya, kwalba iri ɗaya, launi ɗaya. Tsakanin halal da haram babu komai sai takardar da aka manna a jikin kwalba, kuma mai manna ta bai iya karanta abin da muka sa aka rubuta ba.

Takardun gwaji akwai su, da hatimi ja kamar na sarauta. Kawu yakan karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya sa a aljihu. Ya ce kwalbar da aka kai ɗakin gwaji ba ita za ta je Kano ba. Saboda haka duk ranar lodi sai ya je da kansa, ya zaga tsakanin kwalaye, ya nuna wannan ya nuna wancan, a zaro kwalabe daga tsakiya. A shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, a kawo kofunan gilashi masu dogon wuya. Manajan kamfanin, wani dattijo mai sanƙo da muke kira Lawban Liyang, ya zauna yana fuskantarsa. Lawban a yarensu maigida ke nan.

Kawu yakan fara cika wa Lawban kofi, ya ce a garinmu maigida ne ke buɗe akushi, sai Lawban ya shanye tas. Daga nan wasan ya fara. Kawu ya ɗaga kofinsa wajen haske, ya karkata shi a kan farin ƙyallen, ya juya shi a hankali ya duba yadda ruwan ke gangarowa a jikin gilashi, ya tura hanci ciki ya daɗe. Sannan ya buɗe baki. Jan nan, in ji shi, yana da nauyi irin na zoɓon da ya kwana, kuma a bayansa akwai ɗacin goro daushe. Farin kuwa yarinya ce mai rawar kai, tsaminsa na tsamiyar da aka jiƙa da safe ne, bai nuna ba. Ya ɗauko tarihin inabi, ya bi ta kan ƙasa da ruwan sama, ya faɗa labarin wani kakansa da ban taɓa jin an haifa ba. Ni kuma ina gumi ina neman yadda ake cewa daushe da Sinanci. Sai an yi kusan rubu'in awa sannan ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ce a yi lodi.

Sau biyu a zamana da shi ya ture kofin ya ce a sauke kaya. Duka biyun Lawban ya rantse da meyo, meyo, wato babu, babu. Duka biyun da aka bincika aka tarar an haɗa kwalaye a sito. Ɗaya daga cikin kwantenonin nan kayan wani dillali ne da ke kai wa makarantun Islamiyya abin sha ranar saukar karatu.

To, a nan magana ta taso, don ruwa ba ya tsami banza. Wanda bai taɓa shan giya ba, ta yaya zai gane ta? Wani ɗan uwanmu mai harkar jirgin ruwa, mutumin zangon Kumasi, ya taɓa tare shi a bakin lif ya ce, "Iro, wannan hanci naka, wane makaranta ya yi karatu?" Aka yi dariya. Kawu ma ya yi. Ni ban yi ba, domin tambayar ta daɗe a cikina, kunya ce kawai ta hana ta fita. Na san ya yi shekaru a Ikko yana saurayi, ba wanda ya san abin da ya yi a can. Sai na riƙa kallon bakinsa idan yana kurɓa, ina neman alamar tsohon sabo. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, na koyar da wannan a aji, na kuma ba yara maki a kai.

Kawu ya je gida Sallah, ya zauna a ƙofar gida bayan La'asar, aka zo ba shi ruwa aka tarar ya tafi. Bai yi jinya ba, bai bar wasiyyar sana'a ba. A zaman addu'a na sami kaina ina roƙa masa gafarar laifin da ban san ko ya aikata ba, kuma ina jin tsoron kada na kusa da ni ya ji abin da nake roƙo.

Mako uku bayan nan aka bugo daga Panyu, kwantena ta iso, ranar Talata lodi. Iyalinsa suka ce ai Malam ya san komai, shi ke tare da shi. Na san komai ɗin kuwa, ban da abu ɗaya.

Ban san yadda zan kwatanta muku kwanakin nan ba. Na lissafa a raina inda kwalaben za su sauka. Tsohuwar da ta yi shekara saba'in ba ta taɓa ganin ƙofar mashaya ba, jikarta ta miƙa mata kofi. Liman da ya gama ɗaura aure ya ce a ba shi farin, jan yana sa masa ƙwarnafi. Yaran da suka sauke Alƙur'ani da safe. Duk za su sha ne a kan kalmata, ni da ban san abin da nake nema ba. Sai kaina na malamin makaranta ya fara kawo mini hujja, kuma Shaiɗan ya fi son mai ilimi don ba sai ya yi masa dogon bayani ba. Ba a koyar da darasin da ba a karanta ba. Kurɓi ɗaya, a tofar, don kare dubban Musulmi. Ai lalura ce.

Na shiga wani kanti kusa da tashar jirgin ƙasa, nesa da Xiaobei inda za a gane ni. Na tsaya gaban kanta, na ɗauki kwalba, har ta bugi ta kusa da ita. Mai kantin ta matso ta ce ja nake so ko fari. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne meyo. Ni mai saye nake gaya wa mai kaya babu. Na ajiye na fita, ban tsaya ba sai da na wuce tasha biyu a ƙafa. Ba zan ce tsoron Allah ne zalla ba, akwai tsoron kada in ji daɗinta.

Ranar Talata na je Panyu da ƙyallen Kawu a jaka. Na zaɓi kwalabe kamar yadda yake yi, na shimfiɗa, na zuba wa kaina ja. Na ɗaga wajen haske, ja ne. Na shinshina, inabi ne. Na kurɓa, ya ɗaure mini harshe, maƙogwarona ya yi ɗumi, kaina ya fara juyawa. Na ce shi ke nan, ita ce. Sannan na tuna tun jiya ban ci komai ba, kuma zuciyata tana dukan tara-tara tun daga jirgi. Maye ne ko tsoro? Ban taɓa yin na farkon ba balle in bambance. Direban babbar mota yana waje yana danna ham, ma'aikata sun jingina da kwalaye suna jira in ce wani abu.

Sai Lawban Liyang ya turo kofinsa gabana, babu komai a ciki.

"Ba za ka zuba mini ba? Kawunka ni yake fara ba wa."

Na ba shi haƙuri, na ce na manta al'ada.

"Wace al'ada?" Ya kama kunnensa na dama ya ja. "Wannan yake kallo. Tun ina yaro, in na sha giya ko rabin kofi ce, kafin a jima kunnena ya yi ja kamar dafaffiyar ƙaguwa. A wajen wata liyafa ya gani, lokacin baje kolin Pazhou, shekarar da muka haɗu. Bai taɓa faɗa mini ba, ni ma ban taɓa faɗa masa na gane ba. Kai kana ta fama da fassara goro. Ka taɓa ganin ya kai kofi baki kafin ya gama surutu?"

Ban taɓa gani ba. Shekara biyar ina kallon bakin Kawu, shi yana kallon kunnen wani. Hausawa sun ce in ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse ne. Duk tarihin inabin nan, da kakan da ba a haifa ba, jira ne kawai. Baki yana iya cewa meyo don ciniki ya faɗa, kunne bai san ciniki ba.

Na cika masa ja ya shanye, na cika masa fari ya shanye. Ba ni da labarin da zan ba shi, sai muka zauna shiru, ni da dattijo ɗan shekara sittin, ina ƙura wa kunnuwansa ido yana kallon rufi. Ban taɓa yin rubu'in awa mai tsawon wannan ba, har da na ranar da sufeto ya zauna a bayan ajina. Kunnen bai canza ba. Na ce a yi lodi, na shiga banɗaki na yi kuka, rabi don kwantena, rabi don abin da na roƙa wa mutumin da bai san ɗanɗanon giya ba har ya mutu.

Da haka na riƙe sana'ar shekara shida. Na taɓa tambayar wani malami hukuncin wanda ya ba wani abin da yake zargi don ya kare kansa. Ya ce in dawo bayan La'asar. Na koma, ya ce tambayar tana buƙatar bincike, har yau yana binciken.

Nakan yi tunanin abin da Kawu zai ce da ya ga yau. 'Yan kasuwa da yawa sun daina zuwa, ta waya ake nuna musu kaya, su ga kwalba tana walƙiya a hoto su ce a loda. Takardun gwaji sun ƙaru, kowace da ɗan zanen da ake haska wa waya ta ce maka gaskiya ne. Ni ma na sayi wata 'yar na'ura da ake tsomawa a kofi ta nuna lamba. Na san abin da zai ce: Malam Nahawu, ita na'urar wa ya ɗanɗana ta? Na duba bayanta, a Panyu aka ƙera ta, titi uku daga kamfanin. Ranar da na gwada ta a shayi ta nuna mini lambar da ta sa na zubar da shayin.

Me ya rage na Alhaji Iro? Bai gina masallaci ba. Ƙyallen yana nan, ya fara yin rawaya a ninki. Kalmominsa suna nan, don na ji wani yaron kanti a Kano yana gaya wa mai saye jan yana da ɗacin daushe, bai san daga ina maganar ta fito ba. Abin da ya fi zama shi ne abin da ba a gani: bukukuwan da aka yi aka watse lafiya, ba wanda ya san an taɓa tsaya masa. Ni kuma ya bar mini tsoronsa, wanda na ɗauka gwaninta ce. Yanzu na gane mutumin nan a tsorace yake duk ranar lodi, ya dai iya riƙe kofi ne hannunsa ba ya rawa. Masu tambayar makarantar da hancinsa ya yi, ga amsarku, ku nemi yafiyarsa kamar yadda nake nema. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya shayar da shi daga ƙoramun da ba a buƙatar a gwada su.

Na iya faɗin sirrin ne yanzu saboda ya daina amfani. Lawban Liyang ya yi ritaya da bazarar nan, ya koma ƙauyensu da kunnuwansa. Wanda ya gaje shi saurayi ne daga arewacin ƙasar, mai fara'a da ladabi. A liyafar maraba na zauna kusa da shi, na ga ya shanye kwalba guda ta giya mai ƙarfi, kunnensa fari fat kamar ƙyallen Kawu yana sabo.

Ranar Alhamis ake lodi.