Shafin da Ya Manne

Shekararta ashirin da uku tana koyar da 'yan aji biyu, har aka manta sunanta na yanka, sai dai Malama A-Sake. Yaro ya yi tuntuɓe a harafi, ta ce a sake. Ya kuma, a sake. Mijinta ma ya ce ko gaisuwa ya yi mata sai ya jira ya ji ko ta karɓu.

Sai aka kawo sabon tsarin karatu, makarantu ɗari huɗu a lokaci guda. Kowane malami aka damƙa masa na'ura mai darasi a ciki, an yanka shi minti-minti, kowa shafi ɗaya rana ɗaya. Ka tsaya, ta kai ƙararka ofis kafin a tashi. Yara da yawa sun ɗago, wannan ba ta musa ba. Amma na'urar ba ta san komawa baya ba, ita kuwa aikinta ke nan.

A bencin tsakiya akwai yarinyar da ake kira Rediyo. Ji ɗaya take wa shafi ta haddace, amma ba ta bambanta "ba" da "da". Malama ta kai maganar wajen hedimasta.

"Malama, ki rufa mana asiri," in ji shi. "Bara mu ne a ƙasan jerin makarantu. Tana faɗa daidai ko ba ta faɗa?"

Ranar gwaji sufeto ya zo da agogo, kowane yaro minti ɗaya. Ya ce wa Rediyo ta buɗe labarin akuya. Ashe shafi biyu sun manne, ta buɗo na jirgin ƙasa. Ta ɗora yatsa a kai, ta zubo labarin akuya tas, idon sufeto na kan agogo da takardarsa.

"Kalma sittin da biyu. Madalla, Malama, aikinki ya yi kyau."

Hedimasta na tsaye a bakin ƙofa ya kafe Malama da ido. Kalmar nan tata ta taso har maƙogwaro, ta haɗiye, kunya ta rufe ta.

Da suka fita, yarinyar ta ja mata hannu. "Malama, yau ba ki ce a sake ba. Na iya ke nan?"

Na'urar ta yi ƙara, lokacin darasi na gaba ya yi.

"Je ki zauna," in ji Malama.