Jijiyar Mahauci a Cikin Firij

Mahauci mai ƙyanƙyami, wa ya taɓa ji? To, akwai shi. A layin masu nama Tsantsani ake kiransa, kuma wallahi sunan ya bi shi. Tun yana saurayi yake fiɗa, amma bai taɓa kai kayan ciki bakinsa ba. Teburinsa kullum sai ya sha ruwan zafi, farcensa kuwa a yanke ƙal. In ya buɗe cikin dabba ya ga ƙari a hanta ko kumburi a huhu, ba ya tsayawa shawara da kowa: wuƙa sama, wuƙa ƙasa, sai bokitin shara.

"Haba Tsantsani, ɗan wannan? Kankare shi ka sayar mana," in ji maƙwabtansa.

Sai ya tofar da yawu ya ce, "Ƙazanta ba ta kwana a teburina."

Da furfura ta cika masa kai, ciwon baya ya sa shi gaba. Babbar 'yarsa ce ta ja shi asibiti, yana tafe yana mita. Aka ɗauki hoton cikinsa. Likitan tiyata ya ce babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ce ta kumbura, in ba a yanke wurin an ɗinka bututu a madadinsa ba, wata rana za ta fashe, kuma in ta fashe sai dai haƙuri.

"Kafin aikin za mu buga jijiyar taka," in ji likita.

"Ku buga ta? Abin da ka ce yana shirin fashewa shi za ku daka?"

'Yar ta rufe baki tana dariya. "Baba, ba bugun duka ba. Na'ura ce za ta bi hoton nan ta fitar da irinta sak da roba, su auna, su gwada aikin a kanta kafin su taɓa ka."

Da suka koma, likita ya ajiye abin a gabansa. Tir! Wata aba ja-ja mai santsi, da rassa, tsakiyarta ta yi tulu kamar an cusa mata mangwaro. Tsigar jikinsa ta tashi. Wai wannan ƙazantar yake yawo da ita a ƙarƙashin rigarsa mai guga! Ya ja kujera baya, ya ƙi taɓawa.

"Ba wanda zai buɗe ni," ya ce. "Ni na san abin da ake gani in an buɗe ciki, na san warinsa. A shimfiɗe ni a tebur ana cusa hannu cikin hanjina? Allah ya kiyaye."

Likita ya yi lallashi har ya gaji. 'Yar ta roƙi a ba ta aron robar ko uwarta za ta gani ta sa baki, likita ya ce ta mayar da ita da wuri, don da ita za su auna bututun. A gida ta miƙa wa uwar ledar ta ce, "Mama, jijiyar Baba ce, adana ta." Ta bi uban ɗaki suna ta ja-in-ja.

Matar mahauci kuwa, in aka miƙo mata leda aka ce jijiya, ina ta sani ban da firij? Ta cusa ta tsakanin ragowar naman shago don kada ta lalace.

Washegari Tsantsani ya kwashi ledoji ya nufi shago, 'yar na biye da shi da magiyarta. Ya zazzage su a tebur. Abin ya faɗo tsakanin tsoka da ƙashi, ya yi sanyi, ya sha ruwan jini. Idonsa na sauka kan kumburin ransa ya ɓaci.

"Kai! Wane mara tsoron Allah ne ya haɗa min wannan da nama?"

Hannunsa bai jira amsa ba. Wuƙa sama, wuƙa ƙasa, tulun ya faɗa bokiti, tim. Sai da ya kai wuƙar hanci, kamar yadda ya saba, ya ji babu ƙarni. Ya dubi guntaye biyun da suka rage a tebur. Roba.

'Yar ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Baba, taka ce fa."

Ya daɗe yana leƙen bokitin. Ƙudaje har sun fara sauka. Ƙyanƙyamin da ya taso masa a wannan karon ya fi na asibiti, don yanzu ya san inda ta gasken take: tana nan bayan cibiyarsa, tana bugawa, kuma da ita ya kwana jiya, da ita ya kwana shekaranjiya. Ya sa hannu cikin sharar, abin da bai taɓa yi ba tunda yake, ya tsamo tulun, ya wanke da ruwan zafi ya ƙulle duka a sabuwar leda.

A asibiti likita ya juye ledar, ya dubi guntayen, ya dafe goshi. "Baba, me ka yi mana haka? Yanzu sai mun sake buga wata."

"Ku buga. Laifina ne." Tsantsani ya matso kusa. "Nuna min farcenka."

Likita ya miƙa hannuwa biyu yana mamaki. Tsantsani ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ciki da baya, sannan ya fara ɓalle maɓallin rigarsa.

"Ba yau ba ne, Baba," in ji likita.

"To ka gaggauta, ɗana. Ta kwana da yawa."