Ranar da Aka Ƙirga Shanun Kawu

Ana sallame sallar asuba muka bar Gangara, ni da wani maƙwabcina mai kai gero kasuwar Tanut a kan raƙuma biyu. Shi yana da abin sayarwa, ni kuwa wasiƙa ce kawai a aljihuna. Tunda kun dame ni da tambaya a bakin rumfar ɗinkina, ga yadda aka yi.

Wasiƙar ta ƙanena ce. Shekara bakwai ke nan yana ƙasar Turabulus yana aikin gini, ya yi aure can, har da yara biyu. Yanzu hukumarsu ta ce baƙo ba zai samu takardar zama ba sai ya kawo shaida daga ƙasarsu, da hatimi, cewa akwai mai dukiya da ya tsaya masa. In ya yi ɓarna, ko aka tashi mayar da shi gida, wannan mutumin ne zai ɗauki nauyi. Wata uku aka ba shi, ɗaya ya ƙare kafin wasiƙar ta iso hannuna. In takarda ba ta je ba, shi kaɗai za a jefa a mota, matar da yaran su zauna.

Kaka ta yi kyau bana. Duk ƙauyen da muka ratsa sai dammunan gero jibge a gonaki, mata na sussuka, kaji sun ƙoshi har ba sa kauce wa raƙumi. A wata rijiya na sha fura da nono ta dala ɗaya, ƙwarya cike, na kasa shanyewa. Maƙwabcin nawa bai ji daɗin wannan albarka ba ko kaɗan, don ya san geronsa ba zai yi kuɗi ba. Manomi dai ba a raba shi da kuka, a yi ruwa ya koka, a ƙi yi ya koka.

Kwana biyu muka yi kafin mu hango tudun Tanut. Kakanninmu daga nan suke ɗaura kaya su nufi Turabulus ɗin nan, ba mai tambayarsu takarda. Ni jikansu sai da na wuni a gindin itacen bedi a bakin bariki kafin gardi, wato dogarin hukuma, ya ce in shiga.

Komi, wato magatakardan barikin, saurayi ne mai tabarau, ba shi da wulaƙanci. Na ce ni zan tsaya wa ƙanena, ina da rumbu uku da keken ɗinki. Ya ce gero kafin bazara an cinye shi, keke kuwa ba zai kai mutum ko Agadas ba. Sai na ambaci kawuna, yayan marigayiya mahaifiyarmu, Bafulatanin da duk arewacin Damargu aka san garkensa. Komi ya jawo littafin jangali, ya bi layi da yatsa, ya ɗago yana danne dariya.

"Malam, kawun nan naka shanu huɗu gare shi da jaki ɗaya."

Makiyayi ba ya bari a rubuta gaskiyar garkensa, don gudun jangali. Kowa ya san yadda ake wannan rubutu, shi ma ya sani. Ya ce hanya ɗaya ce: gardi ya je ya ƙirga garken da idonsa, a gyara littafi, sannan kawu ya zo da kansa ya dangwala yatsa.

Ba jangalin ne ya fi damuna ba, ko da yake zai hau kan kawu kowace shekara daga yanzu. Kawu ba ya ƙirga shanu. Ubansa bai ƙirga ba, kakansa ma haka. A wurinsu abin da aka ƙirga an yi masa iyaka, albarka ta fita. Ina yaro na taɓa nuna garken da yatsa ina ɗaya, biyu, na sha sanda a ƙauri.

Washegari muka yi arewa maso yamma da gardin, wajen kwarin Tarka. Daga nan gonaki sun ƙare, sai ciyawa fara har gwiwa da ƙarangiya mai bin wando. Gardin dattijo ne, tsohon soja, shayi ya fi salla yawa a wurinsa. Duk inda muka ga inuwa sai ya sauke buta. Buzaye suka sayar mana da cuku, fai-fai uku dala biyu, mai tauri, ana gutsura ana jiƙawa a shayi. Tambayar kawu muke yi rijiya zuwa rijiya, kowa ya ce jiya ya wuce. A kwana na uku muka same shi.

Ya yanka mana ɗan akuya. Sai da muka ci, muka yi la'asar, sannan na iya buɗe baki. Na karanta masa wasiƙar, na faɗi abin da komi ya ce, ban rage ba. Ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke.

"Ɗan ƙanwata, ka san abin da kake roƙo?"

"Na sani, Kawu. Da ina da wata ƙofa da ban zo ba."

"Yaran, an ce akwai mace?"

"Akwai. Sunan Inna aka sa mata."

Ya tashi ya shiga cikin shanunsa. Na ji kunya ƙwarai, irin ta wanda ya zo karɓar abin da ba zai iya mayarwa ba.

Da hantsi aka kawo garken rijiya. Kawu ya kafa sharaɗi ɗaya: gardi ya ƙirga a zuci, kada lamba ta fito daga bakin kowa. Shi ya tsaya bakin kwamin shan ruwa yana kiran shanun da sunayensu, kowace da sunan uwarta, suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, gardi na ja wa takarda layi. Har waɗanda ya ba dangi aro su sha nono ya ambata, ya faɗi inda kowace take. Gardin da ba ya rufe baki, ranar ko tari bai yi ba.

Muka dawo Tanut mu uku. A hanya na yi ta murna a raina cewa an rabu lafiya, an ƙirga kuma kawu bai ji ba. Abin da ban sani ba, ƙa'ida ce sai an karanta wa mutum takarda a kunnensa kafin ya sa hannu. Komi ya miƙe, ya karanta da Faransanci, ya juya da Hausa. Kafin in ɗaga hannu in tsayar da shi, ya faɗi lambar, sarai, gaban kowa.

Can kawu ya ce, a hankali, kamar da kansa yake magana:

"Ashe kaɗan ne."

Ba kaɗan ba ne, wallahi. Komi ma sai da ya sake duban takardar. Amma mutumin da ya shekara sittin yana ganin garkensa ba shi da ƙarshe, yau an nuna masa ƙarshensa. Ya miƙa babban yatsa aka shafa tawada, ya dangwala. Na biya kuɗin tambur, wato kan sarkin da ake liƙa wa takarda, aka buga hatimi, na kai takardar gidan waya da hannuna.

A bakin kasuwa muka rabu. Na ce duk shekara zan kawo gero a sayar a biya jangalin. Ya ce in riƙe gerona, in dai rubuta wa ƙanena ya kawo yarinyar wata rana ta sha nonon shanun kakarta.

Na iso Gangara ranar Laraba bayan azahar, kwana goma sha biyu da fita, ƙafa duk ƙarangiya. Na tafi ina zaton tsaya wa mutum magana ce ta wanda yake da dukiya. Na dawo na gane ba dukiyar ake jinginarwa ba, abin da mutum ya fi ƙaunar ya ɓoye shi ake ajiyewa a kan tebur. Ƙanena zai kwana da iyalinsa in Allah ya yarda, kuma bai san abin da aka biya ba.

Masu tambayata shanu nawa ne, ku yi haƙuri. Na ji da kunnena, amma ba za ta fito daga bakina ba.